Tarihin Harbin Hazbiya a Gonakin Ingila

A ƙasar Ingila akwai wata irin hazbiya wadda nauyinta ya kai rabin kilo, tana da farin tabo a kowane gefen wuya da farin zane a fiffike. Dangi ɗaya suke da hazbiyar nan mai sheƙa a kan giginya a ƙasar Hausa, sai dai ta can ta fi girma. Manoma suna lissafa ta cikin manyan maɓarnata, sun kuwa fi shekara 150 suna yaƙi da ita.

Asalinta tsuntsuwar kurmi ce, kuma yunwar hunturu takan kashe da yawa kowace shekara. Manoma ne da kansu suka yawaita ta. Cikin ƙarni na 18 da na 19 suka shiga shuka wata ciyawa mai ganye uku domin tumaki, da wasu tsire-tsire waɗanda ganyensu ba ya mutuwa da sanyi. Sa'an nan masu manyan filaye suka dasa itatuwa domin farauta, suka sa masu gadinsu kashe shaho da sauran tsuntsaye masu kamu. Da abinci ya samu, maƙiyi kuma ya kau, sai hazbiya ta cika ƙasa.

Dabarar da ta fi shahara wajen harbinta ita ce yaudara, ana kuwa yawan yinta a watan Maris da Afrilu, sa'ad da sanyi ya wuce aka shuka sha'ir da wake. Maharbi yakan fita da abokinsa tun kwana ɗaya kafin harbin, su duba hanyar da tsuntsayen ke bi daga makwancinsu zuwa gona, gama hazbiya ba ta cika sake hanya ba. Kashegari ɗaya ya yi maɓuya da raga da rassa a jikin shinge, ya jera gumakan hazbiya a fili kamar taki 25 daga gare shi, kawunansu na fuskantar iska, ya bar sarari a tsakiya. Wadda ke sama in ta hango farin tabon nan sai ta zaci 'yan'uwanta ne ke kiwo lafiya, ta sauko. Duk wadda aka harbo akan kafa ta cikin jerin, don gawa ta fi gunki jawo saura. Abokin kuwa yana can wani gefen gonar, kada garken ya sauka inda babu bindiga. Mahaucin ƙaho bai san wannan ba, amma mafaraucin da ke ɗaura kan burtu ya san tushen hikimar, watau dabba takan amince da abin da idonta ya saba gani.

Wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a shi ne Manjo Archie Coats na lardin Hamsha. A shekarar 1962 ya harbe 550 a yini guda, a 1963 kuma ya buga littafi a kan dabarar. A zamaninsa gwamnati ta shiga yaƙin, domin cikin shekarun 1950 takan biya rabin kuɗin harsashin maharba.

To, amma hazbiya ba ta ragu ba. Wani masani mai suna R. K. Murton ya yi shekaru yana ƙidayar tsuntsayen a filayen ƙauyen Carlton, a lardin Kambirij. Ya gane cewa yawan da zai kai ƙarshen hunturu ya dogara ne ga yawan ciyawar da ke ƙasa. In an harbe wasu, saura sun sami ƙarin abinci ke nan, su rayu. Ashe maharba suna kashe waɗanda yunwa za ta kashe ne ko da ba a taɓa su ba. A 1965, shekarar da littafin Murton a kan wannan tsuntsuwa ya fito, aka janye tallafin harsashi.

Abin da ya biyo baya ya gaskata shi. Bayan Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, noman wani tsiro mai furen rawaya, wanda ake matse mai daga 'ya'yansa, ya bazu ƙwarai. Ganyensa yana nan ɗanye duk hunturu. Yunwa ta sassauta, yawan hazbiya ya ninka fiye da biyu, ko da yake harbi bai tsaya ba.

Doka ma ta bi wannan hanya. A ƙarƙashin dokar kare namun daji ta 1981, ana harbin hazbiya ne bisa izinin gama-gari domin tsare amfanin gona. A watan Afrilu na 2019 aka soke izinin a Ingila saboda ƙarar da masu kare tsuntsaye suka kai, daidai lokacin shuka, manoma suka yi kuka, aka mai da shi cikin makonni kaɗan.

Saboda haka aikin maharbi da abokinsa yana da amfani, amma yana da iyaka. Suna iya tsare gona ɗaya cikin kwanakin da tsiro ke da rauni, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai gonar. Amma yawan hazbiya a ƙasa duka, abin da manomi ya shuka shi ke yanke shi, ba abin da maharbi ya harba ba.