Furucin Gobir da Katsina a gaban rubutun Kano: abin dubawa daga Albaniyanci

A kasuwannin Gidan Rumji da Agiye da Gazawa na jihar Maraɗi a Nijar, kunne kan ji "zamna" inda littafi ya rubuta "zauna", ya ji "sabka" a gurbin "sauka", "abduga" a gurbin "auduga". Malaman makaranta da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin kuskuren da za a gyara a bakin yaro. Wannan maƙala tana ganin akasin haka: furucin ne ya girmi rubutun, kuma daidaita rubutu bai wajabta daidaita baki ba.

Tarihin yankin ya bayyana inda furucin ya fito. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa, suka kafa mulkinsu a Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna a Tsibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Saboda haka Katsinanci da Gobiranci ne ke gogayya a wannan yanki, dukansu kuwa daga Hausar yamma suke. Tun 1928 masanin harshe Bajamushe August Klingenheben ya nuna cewa baƙaƙen da ke rufe gaɓa sun yi rauni a tarihin Hausa, wasunsu suka rikiɗe zuwa "u". Kananci ya kai wannan canji har kan baƙaƙen leɓe, "b" da "m", amma yamma ta tsaya. Mai cewa "zamna" yana riƙe da tsohuwar siffar kalmar ne, wadda Kano ta sake. Haka yamma ke da "hw" da "h" inda rubutu ke da "f": "hwara", "tahi", "hita". A wajen mallaka kuma ana ninka baƙin da ya biyo, a ce "rigas sarki".

A Turai akwai al'ummar da ta bi irin wannan hanya kafin mu. Albaniyanci yana da manyan karuruwa biyu da kogin Shkumbin ya raba: Gegi a arewa har Kosobo, Toski a kudu. Kamar Kananci, Toski ne ya yi sabon canji: "n" da ke tsakanin wasula ta koma "r", shi ya sa birnin da arewa ta sani da Vlonë ya zama Vlorë. Gegi ya riƙe wasulan hanci da dogayen wasula waɗanda Toski ya zubar. A taron Manastir na 1908 aka tsayar da baƙaƙen boko, waɗanda yau suke 36. A taron Tirana na 1972 kuwa, ƙarƙashin mulkin Enver Hoxha, wanda shi kansa ɗan kudu ne, aka gina daidaitaccen harshe a kan Toski. An samu rubutu ɗaya, wannan riba ce babba. Amma Gegi, wanda da shi aka rubuta littafin Albaniyanci mafi daɗewa da aka buga, na Gjon Buzuku a 1555, ya koma ana yi masa kallon maganar ƙauye, kuma har yau marubutan arewa ba su daina ƙorafi ba.

Ta wani fannin kuma Albaniyawa sun fi mu kula da kunne. Suna da ra iri biyu, suka ba kowace alamarta, "r" da "rr". Mu ma biyu gare mu, ra-kaɗe da ra-gare, kuma Bargery ya bambanta su a ƙamusunsa na 1934, amma rubutun yau da kullum ya haɗe su: "bara" mai yi wa sarki hidima da "bara" ta almajiri ba su da bambanci a takarda. Karin sauti da tsawon wasali ma ba a nuna su. Rubutun Hausa dai tun asali ya dogara ga mai karatu ya cika gibin da bakinsa, don haka babu hujjar cewa baki ɗaya kaɗai ya cancanci cika shi.

Nijar tana da nauyi na musamman a nan. Faransanci ya riga ya lulluɓe sunayenmu, Cadawa ta zama Tchadoua, Gazawa ta zama Gazaoua. An yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 don daidaita rubutu, gwamnati ta tsayar da ƙa'ida a 1999, har da harafin "ƴ" inda Najeriya ke sa "'y". A 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Littattafan makaranta za su ƙaru, kuma yawancinsu za su bi Kananci. Ban ga laifin haka ba, domin ɗan Tsibiri yana bukatar karanta abin da aka buga a Zariya. Abin da nake nema shi ne a horar da malami ya ce wa yaro "haka ake rubutawa", ya daina ce masa "haka ake faɗa". Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kuma ita ta fi kusa da aikin naɗar muryoyin tsofaffi a Sabon Maci, Cadakori da Gangara, a tantance iyakar "hw" da inda ninka baƙi ke tsayawa, kafin rediyo da finafinan Kano su gama shafe bambancin.