Nishaɗi

Daga Larabci muka aro "nishaɗi", inda asalinta ke nufin kuzari da zaburar jiki ga aiki. Harafin ɗa'un Larabci ne ya koma ɗ a bakinmu, kamar a ɗalibi da sharaɗi da ɗabi'a. Yau mun rage mata faɗi, ta koma fim da waƙa da raha, shi ya sa wanda aka yaudara ko aka saka yake ganin neman nishaɗi rashin kunya ne. Tsohuwar ma'anar ta fi gaskiya. Dubi Hausawan Abijan, 'yan kasuwar Adjamé da masu sayar da abincin garba a Treichville, da yawansu baƙi daga Nijar: wanda ransa ya ɓaci, ranar da aka ga ya buɗe rumfa da sassafe yana taya ciniki, ranar ake cewa nishaɗinsa ya dawo.

Wani zai ce aiki ɓoye ciwo kawai yake yi. Akwai gaskiya a ciki, sai dai rumfa cike take da mutane, ana gaisawa, ana tsokanar juna, ta nan zuciya ke sake buɗewa. Mai kulle kansa a ɗaki da sunan haƙuri, ku fito da shi kasuwa.