Daga Gangar Mai Shela Zuwa WhatsApp: Yadda Labari Yake Iso Zabori

Idan hunturu ya kama a Zabori, hazo yakan rufe gari har ba ka hango gidan maƙwabci. A irin wannan safiya nake tuna Kaka bakin wuta, lulluɓe da bargo, rediyo manne a kunne. Wata rana na tambaye shi yadda suke jin labari kafin rediyo. Ya ce, "Jikana, kasuwa ce rediyonmu. Abin da fatake sunka zo da shi daga Gaya ko Kamba, shi munka sani. In maganar sarki ce kuwa, sai mai shela ya kaɗa ganga."

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, amma a wajenmu masu karatun boko ba su da yawa, waɗanda suka yi lakwal kuma Faransanci aka koya musu. Saboda haka kunne ne ya riga ido. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Nijar ya fara aiki a Yamai a 1958, kuma a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki, aka sa masa suna Muryar Sahel. Shekara da shekaru bakin gwamnati kaɗai ake ji a cikin ƙasa. Mai son jin wani ɓangaren sai ya murɗa zuwa Landan ko Kaduna.

Sauyi ya zo da guguwar dimokuraɗiyya. A 1990 Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské, jarida mai zaman kanta. A 1991 aka yi babban taron ƙasa, talakawa suka bi shi ta rediyo suna jin ana tuhumar manya da sunansu. Daga nan tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani suka ɓullo, sannan rediyoyin karkara suka biyo baya, inda manomi zai ba da cigiyar saniyarsa da harshensa.

Mu kuwa a zamanin salula muka tashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, iyakar Nijeriya ma aka rufe. Kaya suka yi tsada, aka koma tsallaka kogi da jirgin kwale-kwale. A watan Agusta aka dakatar da RFI da France 24. Wani dare saƙon murya ya shigo wayata, wai sojojin CEDEAO sun tsallako iyaka. Ban tsaya tunani ba na tura wa mutum goma. Inna ta ɗaure kayanta, ba ta runtsa ba har asuba. Gari ya waye, ko akuya ba ta tsallako ba. Kaka ya dube ni ya ce, "Mai shela in ya yi ƙarya, mun san ƙofar gidansa. Wannan naka, ɗan wane ne?" Kunya ta hana ni magana.

Ƴan uwa ɗalibai, abin da ya dame ni ke nan. Muna jin abin da ya faru a Faransa cikin minti ɗaya, amma kuɗin buhun hatsi a kasuwarmu, ko rijiyar da ta ƙafe a ƙauyen kusa, ba mai rubutawa. Wanda zai binciki tarihin 2023 nan gaba zai samu jawaban Yamai, ba zai samu daren da Inna ta kwana zaune ba, don saƙonnin murya suna tafiya tare da wayar da ta lalace.

Tun daga ranar na sayi littafin rubutu. Duk abin da na gani da idona ina sa masa kwanan wata, wanda na ji kuma ina rubuta bakin da na ji shi. Ban zama ɗan jarida ba, amma an san ƙofar gidanmu.