Daga jirgin ƙasan 1938 zuwa otal-otal ɗin Ingila: labarin yaran da ke neman mafaka su kaɗai

Jama'a, duk lokacin da na ga ana cacar baki a Turai kan yaran da ke isa can babu uwa babu uba, sai hankalina ya koma kan wani tarihi da Birtaniya ke tinƙaho da shi. Ku daure ku karanta har ƙarshe, da ɗan tsawo.

A daren 9 ga Nuwamba 1938, 'yan Nazi suka afka wa Yahudawan Jamus da Ostiriya, suka ƙona wuraren ibada, suka fasa shaguna. Kafin watan ya ƙare, gwamnatin Birtaniya ta amince a shigo da yara 'yan ƙasa da shekara 17. Rukunin farko, yara kusan 200, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Harwich ranar 2 ga Disamba. Daga nan zuwa ɓarkewar yaƙi a Satumbar 1939, yara kusan 10,000 suka tsira ta wannan hanya, wadda ake kira Kindertransport.

Na san wani zai ce, da abin da ke faruwa a Gaza, ina ruwanmu da wannan labari? To, yaron da aka cusa a jirgi yana kuka bai san siyasa ba. Ɗa na kowa ne.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sharuɗɗan. An ce yara su zo, iyaye su tsaya. Gwamnati kuma ba ta ɗauki nauyin ba, sai da aka bukaci lamunin fam 50 kan kowane yaro, don a samu kuɗin fitar da shi daga ƙasar nan gaba. Ƙungiyoyin agaji da ɗaiɗaikun mutane ne suka tara. Yaro ya taho da akwati ɗaya da lamba rataye a wuya. Waɗanda ba su da mai karɓarsu aka kai su sansanin Dovercourt, wurin shaƙatawa na lokacin zafi, ga shi ana tsananin sanyi. Masu son riƙo sukan zo su duba su zaɓa, kamar a kara. Ƙanana ake rububi, manya su yi ta jira. Wasu sun faɗa gidajen kirki, wasu 'yan matan kuwa aikatau aka mayar da su. A 1940 ma aka tsare wajen 1,000 daga cikin waɗanda suka tasa, wai 'yan ƙasar abokan gaba ne. Da yawa daga cikin yaran nan ba su sake ganin iyayensu ba.

Duk da haka Birtaniya ta fi Amurka. A 1939 an kai ƙudurin shigo da yara 20,000 gaban majalisar Amurka, ya mutu a kwamiti.

Akwai wani matashi, Nicholas Winton, da shi da abokan aikinsa suka fito da yara 669 daga birnin Prague. Jirginsu na ƙarshe, mai ɗauke da yara kusan 250, ranar 1 ga Satumba 1939 aka shirya zai tashi, ranar da Jamus ta afka wa Poland. Bai tashi ba. Kusan dukkan yaran nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani ɗan shekara shida, Alf Dubs. Ya girma ya zama ɗan majalisar Birtaniya.

A 2016, hukumar 'yan sandan Turai ta ce yara aƙalla 10,000 da suka shigo nahiyar su kaɗai sun ɓace ba a san inda suke ba. A Calais ta Faransa kuma, ɗaruruwan yara daga Afghanistan, Sudan da Eritiriya suna kwana a tantuna cikin taɓo. Sai wannan dattijo, Dubs, ya nemi a sa a doka cewa Birtaniya za ta karɓi 3,000 daga cikin yaran da ke Turai su kaɗai. Majalisar wakilai ta ƙi, da ƙuri'a 294 kan 276. Da aka cire adadin sai gyaran ya wuce. Ƙarshenta yara nawa aka karɓa? 480 kacal, aka rufe shirin.

Sai maganar otal. Daga Yulin 2021 ma'aikatar cikin gida ta fara ajiye yaran da suka tsallako ruwa a otal-otal, maimakon a miƙa su ga ƙananan hukumomi, waɗanda su doka ta ɗora wa kulawa da su. A Janairun 2023 ministan shige da fice, Robert Jenrick, ya shaida wa majalisa cewa yara 200 sun ɓace daga otal-otal ɗin ba a gan su ba, akasarinsu 'yan Albaniya. A Yulin shekarar babbar kotu ta ce mayar da otal wurin ajiye yara haka nan ya saɓa doka. Ku duba fa, ƙasa ce da ta sa hannu a yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda sashe na 22 nata ya ce yaro mai neman mafaka, da rakiya ko babu, a ba shi kariya.

Ni abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, buɗe wa yaro ƙofa rabin aiki ne. Babbar tambaya ita ce, bayan ya shigo, wa zai amsa in ya ɓace? A 1938 an bar wa masu sa kai, sa'a ce ta raba wanda ya dace da wanda ya wahala. A 2021 an bar yaran tsakanin hukuma biyu, kowace na cewa ba nata ba ne. Inda babu mai ɗaukar alhaki, masu safarar mutane ke samun ƙofa. Italiya, wadda yara sama da 25,000 suka isa gaɓarta su kaɗai a 2016, ta yi doka a 2017 da ta hana a kore su daga kan iyaka, ta kuma tanadi a naɗa wa kowane yaro waliyyi daga cikin mutanen gari da aka horar. Ba ta magance komai da komai ba, amma aƙalla akwai wanda za a tambaya da suna.

Kuma kada mu ɗauka labarin wasu ne. Cikin yaran da suka isa Italiya a waccan shekara akwai 'yan Najeriya da yawa, kuma ta Agadez suka ratsa zuwa Libiya. Kafin mu zagi Bature kan yadda ya karɓe su, mu tambayi kanmu yadda aka yi yaro ɗan shekara 15 ya bar unguwa, ya keta hamada, babu wanda ya neme shi.

Allah Ya kare mana zuri'a, Ya ji ƙan waɗanda suka mutu a hanya.