Yadda Majalisar Dokokin Tarayya ke bin diddigin gwamnati da kuma 'ya'yanta

Majalisar Dokokin Tarayyar Najeriya tana da zauruka biyu: Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Baya ga yin doka, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora mata nauyin sa ido kan ɓangaren zartarwa, ya kuma bar mata hurumin ladabtar da mambobinta.

Babban makaminta shi ne kuɗi. Sashe na 80 ya hana a taɓa asusun gwamnatin tarayya sai da amincewarta, shi ya sa Shugaban Ƙasa ke kai mata kasafi kowace shekara. Bayan an kashe kuɗin kuma, Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya yana miƙa mata rahotonsa, kwamitin asusun gwamnati na kowane zaure ya bi shi dalla-dalla.

Sashe na 88 da na 89 sun ba ta ikon bincikar ma'aikatu da hukumomi domin bankaɗo rashawa, sakaci ko almubazzaranci. Tana iya gayyatar kowa ya ba da shaida, tana iya neman takardu, har ta ba da sammacin kamo wanda ya ƙi amsa gayyata ba tare da uzuri ba. Sai dai Majalisa ba kotu ba ce. Abin da kwamiti ya gano yakan ƙare ne a matsayin shawara, kuma gurfanar da mai laifi aikin hukumomin da ke ƙarƙashin zartarwa ne. Wannan ne raunin tsarin. Ko a wajen tantance waɗanda aka naɗa ana ganin haka: sau biyu Dattawa suka ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC, a Disamba 2016 da Maris 2017, amma ya ci gaba da riƙon ƙwarya har 2020.

Akwai lokutan da Majalisa ta tsaya da ƙafarta. A shekarar 2000 ta zartar da dokar kafa hukumar NDDC da rinjayen kashi biyu cikin uku, bayan Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙi sa hannu. A watan Mayun 2006 kuma Dattawa suka yi watsi da gyaran tsarin mulkin da ya ƙunshi tazarce. Tsige Shugaban Ƙasa, wanda sashe na 143 ya tsara, ba a taɓa kai shi ƙarshe ba. A jihohi ne ake ganinsa, tun daga tsige Gwamna Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna a 1981.

Ladabtar da 'yan gida ya fi sarƙaƙiya. A farkon Jamhuriya ta Huɗu shugabannin Majalisa sun sha faɗuwa: Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakaki a 1999 kan takardun karatu na jabu, aka cire Evan Enwerem da Chuba Okadigbo daga shugabancin Dattawa, Patricia Etteh kuma ta yi murabus a 2007 kan kwangilar gyaran gidaje ta naira miliyan 628. Shari'ar Farouk Lawan ta fi jan hankali. Shi ne ya jagoranci binciken tallafin man fetur a 2012, sannan aka zarge shi da karɓar dala 500,000 daga Femi Otedola. Kotu ce ta ɗaure shi a 2021, bayan shekara tara, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a Janairun 2024.

Hukuncin da zauruka suka fi amfani da shi a yau shi ne dakatarwa, sau da yawa bisa shawarar kwamitin ɗa'a. Wanda ya duba jerin waɗanda aka dakatar zai lura cewa da dama daga cikinsu masu zargi ne, ba waɗanda ake zargi ba. Abdulmumin Jibrin ya sha dakatarwar kwanakin zama 180 a 2016 bayan ya yi zargin cushe a kasafi. Sanata Abdul Ningi ya gamu da dakatarwar wata uku a Maris 2024 kan makamancin wannan zargi. A 2017 an dakatar da Sanata Ali Ndume wata shida, daga baya Babbar Kotun Tarayya ta ce matakin ya saɓa doka. Masu sukar doguwar dakatarwa na cewa mazaɓa ce ke rasa murya, alhali ba ita ta yi laifi ba.

Masu zaɓe su ma suna da nasu hurumin, wato kiranye. Sashe na 69 ya buƙaci fiye da rabin masu rajista a mazaɓa su sa hannu a takardar ƙorafi, hukumar INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba-gardama cikin kwana 90. Yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma kiranye ya rushe a 2018 tun a matakin tantancewa, domin sa hannun kusan kashi biyar cikin ɗari kacal na masu rajista a mazaɓar aka iya tabbatarwa.