Daidaita kibiyar linzami a kwamfutar kwaikwayo

Daidaita kibiyar linzami shi ne sa kibiyar kwamfutar kwaikwayo, wadda manhaja irin VirtualBox ko QEMU ke gudanarwa cikin wata kwamfuta mai masauki, ta tsaya daidai inda ta mai masauki take. Linzami samfurin PS/2 tazarar motsi kaɗai yake aikawa, kowane ɓangare kuma yana ƙara wa motsin gudu yadda ya ga dama. Sai a ga kibiya biyu a allo, ɗaya na jan ƙafa, musamman in ta VNC aka shiga.

A QEMU, maganin da ya fi inganci shi ne na'urar usb-tablet, mai aika ainihin wurin da kibiya take. VirtualBox, wanda ya fito a 2007, Guest Additions ake saka wa kwamfutar kwaikwayonsa. Idan linzami ya maƙale a cikin VirtualBox, maɓallin Ctrl na dama ke sakinsa a Windows da Linux.