Amsoshin Wasiƙunku: Su Wane Ne Sudhan?

Wani mai sauraronmu ya aiko da wasiƙa yana tambaya, wai shin mutanen Sudhan asalinsu Fashtunawa ne?

To malam, da farko dai kada ka haɗa su da mutanen ƙasar Sudan. Sudhan ƙabila ce ta Musulmi mazauna duwatsun Punc, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, musamman garuruwan Rawalakot da Palandari.

Su dai sun ce kakansu Jassi Khan daga Afganistan ya taso, kuma su Sadozai ne, wato dangin Ahmad Shah Durrani wanda ya kafa daular Afganistan a 1747. Sai dai wannan tarihin baka ne, iyaye da kakanni suka bar musu. Wasu masana kuwa na ganin 'yan ƙasa ne da suka musulunta, ga shi ma harshensu Pahari ne, ba Fashto ba.

Abin da babu gardama a kai shi ne jaruntakarsu. Sun yi wa Gulab Singh tawaye a 1837, suka sake yi wa Sarki Hari Singh a 1947. Ɗansu Sardar Ibrahim Khan shi ne shugaban Azad Kashmir na farko.

Da fatan ka gamsu, malam.